Mai raino a lokacin annoba: in an ce kar ta zo, wa zai biya albashin?

Duk wanda ke Legas a 2020 ba zai manta daren Lahadi 29 ga Maris ba, da Buhari ya fito a talabijin ya ce an kulle Legas da Ogun da Abuja na sati biyu saboda korona. Sati biyun nan shi ya miƙe ya zama biyar, sai 4 ga Mayu aka fara sassautawa. Washegarin jawabin nasa da sassafe Inna da ke min rainon yara ta kira ni daga Mile 12, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce "Hajiya to ni yanzu in zo ne ko in zauna?" Na ce Inna ki zauna abinki, ina za ki samu danfo ma. Na ajiye waya ban ce mata komai kan kuɗi ba, ita ma kunya ba ta bar ta ta tambaya ba, haka muka shafe kusan sati uku kowa da abin da ke ransa, ni ina lissafin albashina da aka rage a wurin aiki, ita tana lissafin kuɗin haya.

Bayan nan ne na zauna na bi dokar, don maƙwabciyata a Agege kawai daina ɗaga wayar mai aikinta ta yi, wai ai ba ta zo aiki ba me za a biya ta, raina bai kwanta da hakan ba sam.

Dokar ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take, a kundin dokokin 2004 aka sake tattaro ta. Kuma gaskiya ba ta yi wa masu aikin gida adalci ba. A sashe na 91 ta faɗi waye mai aikin gida, har direban motar gida ta sa a ciki, amma a wannan sashen dai da ta zo faɗin waye "ma'aikaci" sai ta cire duk wanda aka ɗauka ba don kasuwancin mai ɗaukarsa ba. To raino a gida kasuwanci ne? Nan lauyoyi ke jan zare, wasu su ce mai raino tana ciki wasu su ce ba ta ciki. Sashe na 65 kuma ya bar wa ministan ƙwadago ikon yin ƙa'idoji na musamman kan aikin gida. Kin ga kenan ƙofar a buɗe take rabi da rabi. Amma kar wata ta ji haka ta ce shikenan ba doka, a'a. Ranar da kika ce mata zo ki rinƙa kula min da yara zan ba ki kaza duk wata, ta ce to, an ƙulla yarjejeniya ko da baki ne kawai, kuma kotu na sauraron irinta. Dokar ƙwadagon ita ce ma'auni mafi kusa da za a ɗauko a gwada in rigima ta tashi, ni dai da ita nake aiki.

Wurin da ya fi shafar maganarmu shi ne sashe na 17. Abin da ya ce a taƙaice: in ma'aikaci lafiyarsa ƙalau kuma ya kawo kansa aiki, dole mai ɗaukarsa ya ba shi aiki, in bai ba shi ba to ya biya shi kamar ya yi. Wato in ke ce kika ji tsoro kika ce kar ta zo saboda tana shiga danfo tana cakuɗa da mutane, tsoronki daidai ne, yaranki ne, amma kuɗin zaman nata a kanki yake don ba ita ta ƙi zuwa ba. Misali kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, ba wanda ya kulle gari, motoci na yawo kasuwa na ci, duk wadda ta tsayar da mai rainonta a lokacin ra'ayin kanta ta bi, ba ta da hujjar yanke ko sisi.

In kuma gwamnati ce ta hana fita fa? Nan ne dokar ta ɗan sassauta wa uwar ɗaki, kuma wallahi ni sassaucin ya min yawa. Sashen ya ce in wani lamarin gaggawa na wucin gadi ne ko wani abu da ya fi ƙarfin mai ɗaukar aiki ya hana shi ba da aiki, albashin ranar farko kawai ma'aikacin zai samu. Ranar farko fa! Sai dai akwai iyaka, wannan rangwamen bai wuce sati ɗaya, sai in jami'in ƙwadago mai izini ne ya amince a ƙara. Wace madam ce a Lekki ko Ogba ta taɓa zuwa ofishin ƙwadago neman wannan izinin? To in ba ki nema ba, sati ɗaya ne naki, ba biyar ba. Mu ɗauka albashinta dubu 60 ne a wata, tana aiki kwana 24, kowace rana ta kama 2,500. Satin farko na kulle mai kwana shida na aiki, in kin bi dokar tsantsa ba tausayi, za ki biya ranar farko ki cire biyar, 12,500 kenan. Sauran 47,500 fa ba ki da madogarar riƙe su sai in kun zauna ta yarda da kanta. Yardar ma ta gaske, ba irin wadda za ki kira ki ce "Inna kin ga yadda gari yake ko" ta ce "haka ne Hajiya" ke kuma ki ɗauka an gama magana ba.

Ni rabi muka yi da Inna na watan Afrilu, bayan na faɗa mata gaskiyar abin da ya shigo hannuna, na haɗa mata da shinkafa da mai, kuɗin mota kuma na cire tunda ba hawa take ba. Abincin nan kyauta ce, ba albashi ba, don dokar ta ce albashi da kuɗi ake biya kuma kar a wuce wata ba a biya ba. Sauran rabin na cika mata a hankali bayan an buɗe gari.

Wata kuma za ta ce ni ba zan iya ba gaba ɗaya, aikina ma ya tsaya. To ki sallame ta ta hanyar da ta dace, shiru ba sallama ba ce. Sashe na 11 ya tsara notis: in ba ta wuce wata uku a wurinki ba kwana ɗaya, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu sati ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar sati biyu, shekara biyar zuwa sama wata guda. Notis ɗin da ya kai sati a rubuce ake ba da shi, in ba ki so ta yi kwanakin sai ki biya ta kuɗinsu. In kun yi alƙawarin notis da ya fi wannan tsawo tun farko, naku za a bi. Har ranar da kika sallame ta kuwa albashi na taruwa a kanki, ko kin ɗaga waya ko ba ki ɗaga ba.

Sai batun in ita ce ta kamu. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashi in rashin lafiya ya kwantar da shi, amma sai da takardar likita mai rajista, ba rasidin kemis ba. Kwana 12 ɗin nan sun yi kaɗan ga annoba, lokacin korona kwana 14 ake killace mutum, lokacin Ebola a 2014 kuwa kwana 21 ake sa ido kan duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar. Kwanakin da suka haura sai abin da kuka shirya. Kuma a duba daga ina cutar ta fito, don mu iyayen gida kullum zatonmu ita za ta kawo mana daga waje, alhali sau da yawa maigida ne ya dawo daga tafiya, ko yaro ya kwaso a makaranta ita kuma ta wanke masa jiki ta goya shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ita ba ta yi kwana-kwana ba, ƙarara ta sa mai aikin gida a cikin ma'aikata matuƙar ba ɗan gidan ba ne, kuma ta shafi cutar da aka ɗauka sanadin aiki. In a gidanki ta kamu, kuɗin asibiti bai kamata ma ya zama abin musu ba.

Da yawa a 2020 dabarar da suka yi ita ce su ce mai raino ta tattaro ta dawo gidan da zama har a buɗe gari. Ba laifi in ta yarda, amma wannan sabon sharaɗi ne, tana da ikon cewa a'a, ita ma tana da nata yaran. In ta dawo kuma kar aikin awa takwas ya koma na dare da rana, makarantu a rufe yara uku a gida ga girki ga wanki ga goge-goge da sanitaiza duk a kan albashin da. Dokar ta ce a duk kwana bakwai a ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cur, aiki ya ƙaru kuma kuɗi ya ƙaru. Takunkumi da sabulu da safar hannu ke za ki saya, ba a cire su a albashinta, sashe na 5 ya hana cin tara da yanke-yanken son rai, ko ɓarna ta yi sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Riƙe wayarta ko kulle get a hana ta tafiya bayan ta ce ta bar aikin, wannan kuma ya fita daga maganar albashi ya koma tsare mutum. (Duk maganar nan kan babba nake, in yarinya ƙarama aka kawo miki daga ƙauye to matsalarki ta wuce nan, dokar hana fataucin mutane (NAPTIP) ta 2015 ta mai da sa yaro ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi, dokar haƙƙin yara kuma ta hana aikatau ga yaro a wajen gidansu.)

Masu tambayar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta kama gida mai mai raino ɗaya ba. Dubu 85 da gwamnan Legas Sanwo-Olu ya sanar a 2024 kuma na ma'aikatan jiha ne.

Ke kuma mai raino, in an hana ki haƙƙinki, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki kuma tana da reshe a Ikoyi, amma kan dubu 50 wa zai ɗauki lauya. Ki fara da cibiyar sulhu ta ma'aikatar shari'ar jihar Legas, Citizens' Mediation Bureau, kyauta suke zaunar da mutane. Ko kafin nan ma a gwada limamin unguwa ko fadar Sarkin Hausawa, sau da yawa a nan ake kashe wutar. Ko'ina kika je hujja za a nema, alat ɗin banki na watannin baya, saƙon da aka ce kar ki zo, duk kar ki goge.

Sashe na 7 dama ya ce a ba ma'aikaci sharuɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Mu sai bayan kulle muka yi namu, a WhatsApp, layi biyar ne kacal: in ni na tsayar da ita cikakken albashi, in gwamnati ce satin farko cikakke daga nan rabi, in ta kwanta ciwo sati biyu da albashi, in a gidanmu ta ɗauka asibiti a kaina, sallama kuma notis ɗin wata guda ko daga wane ɓangare. Inna ba ta karatun boko sai na karanta mata a saƙon murya, ɗanta ya duba rubutun, da yamma ta turo nata saƙon muryar ta ce ta yarda, amma a ƙara layi na shida, in an kulle gari kuɗin mota a bar mata rabi ta sayi kati ta rinƙa jin muryar yaran. Na ƙara.