Kakar 1988 ta Gasar Duniya ta Tseren Motocin Rukunin C

Kakar 1988 ta gasar duniya ta tseren motocin dogon zango ta ƙunshi tsere 11, waɗanda aka fara a Jerez ta ƙasar Sifen a watan Maris, aka kammala a Sandown ta Ostareliya a watan Nuwamba. Hukumar FISA, wadda a lokacin ita ce reshen wasanni na hukumar motoci ta duniya FIA, ita ta shirya gasar. Ƙungiyar Silk Cut Jaguar ce ta ɗauki kambun ƙungiyoyi, shekara ta biyu a jere, Martin Brundle ɗan Ingila kuma ya zama zakaran direbobi. Motocin da ake wannan tsere da su, waɗanda ake kira Rukunin C, ba irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ba ne. Takanas ake ƙera su domin fage, tayoyinsu a rufe cikin jiki, direba a ƙarƙashin rufi, kuma mutum biyu ko uku ke karɓa-karɓar sitiyari a tsere ɗaya.

Dokar man fetur

Wanda bai san dokar Rukunin C ba, da wuya ya fahimci abin da ya faru a wannan kaka. Tun da aka kafa rukunin a 1982, hukumar ba ta ƙayyade girman inji ba. Mai ta ƙayyade. A 1988, motar babban aji, wato C1, lita 510 take da su domin tseren kilomita 1,000, tankinta kuma ba ya wuce lita 100. A tseren awa 24 na Le Mans ta Faransa kason ya kai lita 2,550. Direban da ya danne totur tun daga farko zai iya wuce kowa, amma kafin ƙarshe sai ya koma yana lallaɓawa, ko motar ta mutu masa a gefen hanya. Shi ya sa a rumfar makanikai ake zaune da lissafi, ana duba lita nawa suka rage da zagaye nawa suka rage.

Amfanin dokar shi ne ta bar wa kowane kamfani ya bi hanyar da ya fi sani. Jaguar ta zo da XJR-9 mai injin silinda 12, lita 7, babu tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa iska cikin inji domin ƙara masa ƙarfi. Tony Southgate ne ya zana motar, kamfanin Tom Walkinshaw da ke Kidlington a Ingila ne ya ƙera ta yake kuma tafiyar da ƙungiyar. Sauber C9, wadda aka haɗa a Hinwil ta Suwizalan a masana'antar Peter Sauber, injin Mercedes-Benz gare ta mai silinda 8, lita 5, da tabo biyu. Porsche 962C kuwa silinda 6 ne da tabo, kuma a lokacin ta fara kwana biyu. Motoci uku, dabaru uku, kason man fetur ɗaya.

Masu fafatawa

Babban labarin farkon shekara shi ne dawowar Mercedes-Benz. Kamfanin ya janye daga tseren motoci bayan kakar 1955, shekarar da motarsa ta afka cikin 'yan kallo a Le Mans, mutane fiye da 80 suka rasu. Ya yi 'yan shekaru yana ba Sauber injuna ta bayan fage, sai a 1988 ya fito fili ya mara wa ƙungiyar baya. Jean-Louis Schlesser ɗan Faransa, Mauro Baldi ɗan Italiya da Jochen Mass Bajamushe su ne jigogin direbobinta.

Ita kuwa Porsche, ƙungiyar kamfanin ta daina bin gasar gaba ɗaya tun tsakiyar 1987, ta mai da hankali kan Le Mans. Mafi yawan sauran tseren sai ta bar wa ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka sayi motocinta, irin su Joest, Brun da Kremer. Suna da yawa a fage, amma duk kakar babu Porsche ɗaya da ta zo ta ɗaya.

Yadda kakar ta gudana

Sauber ce ta buɗe da nasara a Jerez. Daga nan Brundle da abokin tuƙinsa Eddie Cheever Ba'amurke suka ci uku a jere: Jarama, Monza da Silverstone. Waɗannan ukun su ne tubalin kambun Brundle. Bayan Le Mans sai Sauber ta farfaɗo, ta ci Brno a Cakoslobakiya, da Nürburgring, da Spa, da Sandown, Jaguar kuma ta ɗauki Brands Hatch da Fuji ta Japan. A ƙarshe Jaguar na da nasara 6, har da ta Le Mans, Sauber na da 5. Schlesser ne ya biyo bayan Brundle a teburin direbobi.

A ƙaramin aji, C2, inda kason mai ya fi ƙanƙanta kuma kuɗin shiga ya fi sauƙi, ƙungiyar Spice Engineering ce ta yi zarra, Gordon Spice da Ray Bellm suka zama zakaru.

Le Mans

Tseren da ya fi zama a bakin mutane shi ne na ranakun 11 da 12 ga Yuni. Porsche ta ci Le Mans sau bakwai a jere, daga 1981 zuwa 1987, rabon Jaguar da nasara a can kuwa tun 1957. Walkinshaw ya kawo motoci biyar. Kamfanin Porsche ya kawo uku, ɗaya a hannun Hans-Joachim Stuck da Klaus Ludwig da Derek Bell, wata kuma a hannun iyalan Andretti: Mario, ɗansa Michael, da ɗan ɗan'uwansa John.

Sauber ba ta ma shiga tseren ba. A lokacin gwaji tayar ɗaya daga cikin motocinta ta fashe tana tsananin gudu, aka kasa tabbatar da dalili, sai ƙungiyar ta janye motocinta duka biyu. Ga kamfanin da ke ɗauke da tabon 1955 a wannan fili, shawarar ba ta ba kowa mamaki ba, ko da yake ta jawo masa asarar maki masu yawa.

Motar Stuck ce ta fara daga sahun gaba, amma tun da sauran rana mai ya kusa yanke wa Ludwig kafin ya iso rumfa, suka yi asarar lokacin da suka kwana suna ƙoƙarin ramawa. Jaguar mai lamba 2, ta Jan Lammers ɗan Holan da Johnny Dumfries da Andy Wallace, ita ta riƙe gaba mafi yawan tseren. Dab da ƙarshe giyarta ta fara ba da matsala. Lammers ya ji sauyin a hannunsa, sai ya bar motar a giya ta huɗu, bai sake taɓa ta ba har aka kaɗa tuta. Sun yi zagaye 394, wato fiye da kilomita 5,300, Porsche kuma tana biye da su da tazarar da ba ta kai zagaye ɗaya ba. Bayan awa 24 ana gudu, wannan tazara ba komai ba ce.

A tseren ne kuma aka kafa wani tarihi na daban. Wata ƙaramar ƙungiyar Faransa, WM, mai amfani da injin Peugeot, ta ƙera motarta ba don ta kai ƙarshe ba, sai don ta yi gudun da ba a taɓa yi ba a miƙaƙƙen titin Mulsanne, mai tsawon kusan kilomita 6. Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa ɗaya, motar kuma ta lalace ba ta kai ƙarshen tseren ba. A 1990 aka saka lanƙwasa biyu a kan titin domin rage gudu, saboda haka alƙaluman Dorchy suna nan ba a karya ba.

Bayan kakar

Brundle, wanda ya bar Formula One domin wannan shekara, ya koma can a 1989 tare da ƙungiyar Brabham. Nasarorin Sauber na rabin kakar na biyu kuwa sun nuna inda iska ta dosa. A 1989 motocinta suka koma launin azurfa irin na tsoffin motocin tseren Mercedes, suka ci Le Mans, suka ɗauki kambun ƙungiyoyi, Schlesser kuma ya karɓi na direbobi, ya sake riƙe shi a 1990 tare da Baldi.