Tufal mai suna a shirya manhaja

Tufal jeri ne na ƙimomi da ake ɗaurewa wuri guda, ba a kuma sauya shi bayan an ƙirƙira. Da shi fankishin, wato guntun umarnin da ake kira ya yi wani aiki, ke mayar da amsa fiye da ɗaya a kira guda. A yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, waƙafi ne ke yin tufal, ba baka ba: `(5)` lamba ce kawai, `(5,)` shi ne tufal.

A ɗauki manhajar dillalin hatsi a kasuwar Dawanau. In buhu na cin kwano 40, aka auna kwano 130, to `divmod(130, 40)` zai dawo da `(3, 10)`, wato buhu 3 da ragowar kwano 10. Ana warware su da `buhu, kwano = divmod(130, 40)`.

Sai dai tufal na gama-gari matsayi ya sani, bai san suna ba. In aka ajiye sunaye uku alhali ƙima biyu ce ta dawo, Python zai tsaya da saƙon kuskure na `ValueError`, wannan da sauƙi. Mai haɗarin shi ne a juya sunayen a rubuta `kwano, buhu`. Kwamfuta ba za ta ce uffan ba, sai dai lissafi ya nuna buhu 10 a sito.

Maganin wannan ya zo da Python 2.6 a 2008, wato `namedtuple`, tufal mai suna, da ke cikin kundin `collections`. Ana rubuta `Awo = namedtuple("Awo", "buhu kwano")`, fankishin ya ƙare da `return Awo(buhu=3, kwano=10)`, mai kira kuma ya ajiye amsar a `a`, ya karanta `a.buhu` maimakon `a[0]`, wato ƙima ta farko. Kariyar tana ga wanda ya kira da suna ne kaɗai; wanda ya warware da waƙafi, har yanzu matsayi ake bi. Rubuta `a.buhu = 4` na jawo `AttributeError`, don haka sai a yi `a._replace(buhu=4)`, wanda sabon tufal yake bayarwa. Abin da ke yawan kuɓuce wa ɗalibai shi ne `Awo(3, 10) == (3, 10)` gaskiya ne, domin ƙima ake gwadawa, ba suna ba.

Yaren C# ya samu nasa tufal mai suna a siga ta 7.0 a 2017, ana rubuta `(int buhu, int kwano)`. Yaren Swift ma yana da shi. Idan ƙimomin suka haura uku ko huɗu, ko ana bukatar sauya su, gara a koma ga `dataclass`, wata hanyar haɗa ƙimomi masu suna da ake iya sauyawa, wanda ya shigo Python 3.7 a 2018.