Ma'anar "safari", da irin wadda ake yi a filin gishirin Makgadikgadi

Da an ce "safari" sai mutum ya tuna Bature da malafa a cikin buɗaɗɗiyar mota yana ɗaukar hoton zaki. Amma kalmar ba ta Turanci ba ce. Ta Suwahili ce, ma'anarta tafiya kawai, kuma tushenta "safar" na Larabci. Daga wannan tushe muka samu "safara", wadda da can take nufin tafiyar fatauci, yanzu kuwa an fi jin ta a rediyo tare da miyagun ƙwayoyi ko makamai. A Tanzaniya har gobe wanda ya hau bas zai je ganin gida safari yake yi, kuma za a raka shi da "safari njema", wato a sauka lafiya.

Turawa sun tsinci kalmar a ƙarni na 19 daga bakin ayarin da ke tashi daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa, 'yan dako ɗauke da kaya a ka. Daga baya ta koma sunan farautar manyan namun daji. A 1909 Theodore Roosevelt, da saukarsa daga mulkin Amurka, ya zo gabashin Afirka ya harbe namun daji da yawa don gidan tarihi na Smithsonian. Kenya ta hana irin wannan farauta a 1977, kyamara ta maye gurbin bindiga, har aka iso ga ma'anar yau: yawon kallon namun daji, kamar yadda ake zuwa Yankari.

Ni dai wurin da na ga kalmar ta koma gidanta na asali shi ne Makgadikgadi, a arewa maso gabashin Botswana. Gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar filayen gishiri masu faɗin kusan murabba'in kilomita 16,000. Manyan cikinsu su ne Sua da Ntwetwe. Da rani, daga Mayu zuwa Oktoba, fili ne fari fat, ba bishiya, ba ciyawa, ba tudun da ido zai kama. Da tsakar rana kawalwalniya kan shimfiɗa wa matafiyi ruwa a gabansa, ya yi ta bi ba ya iskewa.

Masu zuwa nan sukan kwana a dawa, wato su kafa tanti inda babu ɗaki, babu famfo, babu lantarki, wani lokaci ma su shimfiɗa bargo a kan gishirin su kwanta a sarari. Duk abin da mutum zai sha, zai ci, zai hura wuta da shi, sai ya ɗauko a motarsa: jarkokin ruwa, man mota na ƙari, itace, shebur, igiyar ja. Kuma sharar da ya tara ya koma da ita. Lokutan shekara a can saɓanin namu ne, don haka Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturu, sanyin asuba kan kusa daskarar da ruwa.

Babban haɗarin yana ƙarƙashin taya. Abin da ido ke gani kamar daɓe ɓawo ne siriri, ƙasansa taɓo ne mai danƙo wanda kan yi wata da watanni bai bushe ba. Mota na cikin gudu sai ɓawon ya fashe, ta nutse har ciki, direba na ƙara wuta tana ƙara kafewa. Shi ya sa ake bin sawun da aka riga aka bi, ake tafiya mota biyu ko fiye, kuma ba a shiga bayan ruwan sama. Wanda ya san ayarin raƙuman da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma ɗauko kantun gishiri ya san wannan doka: ba a shiga gaban madugu. Bin sawu yana da wani amfanin kuma, don layin da taya ta yanka a fili yakan daɗe bai goge ba, abin da ke ɓata mini rai idan na ga hotunan masu zagaye da mota don wasa.

Wurin kwanan da ya fi suna shi ne Kubu, tsibirin duwatsu a gefen Sua, inda tsofaffin kukoki suka tsiro a tsakanin faffaɗan duwatsu. Kuka ce irin tamu ta miya, sai dai a can tana tsaye ne a bakin farin fili maras iyaka. "Kubu" a harshen Setswana na mutanen Botswana dorina ce, a wurin da yau ba ruwan da dorina za ta shiga. Mutanen yankin ne ke kula da shi, a biya su kuɗin kwana, a sauka inda suka keɓe.

Damina na sauka wajen Nuwamba sai ruwa ya kwanta a Sua, dubban tsuntsayen filamingo su zo yin ƙwai, garken jakunan dawa su biyo sabuwar ciyawa a gefen fili. A wannan lokaci hanyar tsakiyar gishiri takan rufe, masu safari su tsaya a bakin gaɓa wajen garin Nata suna kallo daga nesa.