Waiwaye: Rokeya Sakhawat Hossain, marubuciyar da ta koyi karatu cikin dare

A Bangaladash, 9 ga Disamba ranar tunawa da Rokeya ce. A ranar aka haife ta a 1880, a ƙauyen Pairaband da ke yankin Rangpur, lokacin ƙasar Bangal tana hannun Turawan Ingila. A rana irin ta kuma ta rasu a Kalkata a 1932.

Gidansu na masu manyan gonaki ne, kuma kullen irin waɗannan gidaje ya kai yarinya ta ɓuya ko da baƙuwa mace ce ta shigo. Urdu da Farisanci su ne harsunan girma, Bangali kuwa ana yi masa kallon na talakawa, Turanci kuma sai 'ya'ya maza. Yayanta Ibrahim Saber ne ya riƙa koya mata Turanci a ɓoye in gida ya yi barci, yayarta Karimunnesa kuma ta ɗora ta a kan Bangali. Ko sau ɗaya Rokeya ba ta taɓa zama a aji ba.

An aurar da ita ga Sakhawat Hossain, mataimakin majistare a Bhagalpur, wanda ya girme ta sosai, kuma shi ya ƙarfafa mata gwiwar rubutu. A 1905 wata mujallar mata a Madras ta buga labarinta na Turanci, Sultana's Dream, inda maza ne a kulle, mata kuma na tafiyar da ƙasa, suna girki da zafin rana, suna ɗibar ruwa daga gajimare. Shi aka fi sani a waje, amma wanda ya fi nuna ko wace ce ita shi ne Padmarag, ƙagaggen labarinta na Bangali da ya fito a 1924. A cikinsa akwai wani gida na mata, Musulmi da Hindu da Kirista, waɗanda aure ya cuta, suna gudanar da makaranta da wurin sana'a da wurin jinya.

Irin wannan aiki ta san shi ciki da bai. Mijinta ya rasu a 1909 ya bar mata rupi 10,000 don karatun mata. Ta buɗe makaranta a Bhagalpur da ɗalibai 5, sai rigimar gado ta raba ta da garin. A 1911 ta sake buɗewa a Kalkata da ɗalibai 8. Da yake ba ta san yadda ake tafiyar da aji ba, sai ta riƙa zagaya makarantun 'yan mata na wasu addinai tana lura da malamansu. Gida-gida ta bi tana roƙon iyaye, ita kanta cikin burƙa, tana yi musu alkawarin ba za a keta kulle ba. Ana karantar da Alƙur'ani, harsuna, lissafi, ɗinki da kula da lafiya.

Babban cikas shi ne hanya. Iyaye ba sa yarda a ga 'ya'yansu a titi, don haka motar ɗaukar ɗalibai a rufe take ruf, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa. Cikin zafin Kalkata yara suka riƙa amai, wasu har da suma. Da aka sa labule don iska ta samu shiga, sai ƙorafi ya juya: labule na ɗagawa, ana ganin yara. Ita da kanta ta ba da wannan labari a Abarodhbasini na 1931, tarin labarai 47 kan abin da tsananin kulle ya jawo wa mata. Ƙarfin littafin shi ne mai rubutun 'yar gida ce, ba baƙuwa mai leƙe daga waje ba.

A 1916 ta kafa ƙungiyar mata Musulmi, Anjuman-e-Khawateen-e-Islam, mai tallafa wa matan da mazajensu suka rasu da koyar da karatu a unguwannin talakawa. Makarantar tana nan a Kalkata har yau da sunan mijinta, gwamnati ke riƙe da ita, kuma a 2008 aka buɗe jami'a a Rangpur wadda ke ɗauke da sunan Rokeya.