Wane gilashin kyamara ya dace da hoton tsuntsaye da daji a Zariya?

Matasa da yawa a Samaru da Sabon Gari da hoton biki da suna suka fara, daga baya hankalinsu ya koma kan tsuntsaye, duwatsu da furanni. Da zarar an kai nan, zancen gilashi ne ke tasowa, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Gilashin da ya zo da kyamarata 18-55mm ne. Zai yi?

Zai yi maka aiki sosai a wasu wurare. Ƙaramar lambar mm faɗi take kamawa, babba kuma nesa take jawowa. In Dutsen Kufena kake so da gonakin da ke gindinsa, ko hadari ya haɗo ta gabas a watan Agusta, 18mm ya wadatar. Ka tsaida ƙofar haske a f/8, za ka sha mamakin tsabtar hoton. Tsuntsu ne ya fi ƙarfinsa: a 55mm, belbelar da ke tsallaken fadama ɗigon fari kawai za ta fito.

To, mm nawa tsuntsu ke buƙata?

Daga 300mm ake fara magana. Sai dai ka fara duba kyamararka. Yawancin waɗanda ke hannun masu farawa, irin su Canon 700D ko Nikon D5300, ƙaramar sensa gare su (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara), wadda ke sa gilashi ya yi kamar ya ƙara tsawo: sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony. Ke nan 300mm a kan Canon irin wannan yana gani kamar 480mm. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar 70-300mm, ko 55-250mm na Canon. Ba su da nauyi, ana samun na hannu, kuma sun isa ga belbelar da ke bin shanu, da kurciya, da shamuwa idan ta iso da farkon damina, tunda waɗannan sun saba da mutane.

Ƙananan tsuntsaye irin su tsada, da masu tsoro irin su zalɓe, su ne ke neman 400mm zuwa sama. Kamfanonin Sigma da Tamron suna yin 150-600mm, amma nauyinsa ya kai kusan kilo 2. Wanda zai yini da shi a kafaɗa ya tanadi ƙafar dogarawa, in ba haka ba hannu ya gaji, hoto ya girgiza.

Ashe ke nan mafi tsawo shi ne mafi kyau?

A nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi, kuma abin yana damuna. Gilashi yana jawo tsuntsu, amma har da iskar da ke tsakaninku yake jawowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne a Zariya. Duk abin da ka ɗauka daga nesa zai fito fari-fari, launinsa ya dushe, ko nawa ka sayi gilashin. A Maris da Afrilu kuma, da rana ta take, zafin ƙasa na tashi da kawalwalniya, sai gefen gashin tsuntsu ya narke a hoto. Babu 600mm ɗin da ke maganin wannan.

Maganinsa kusanci ne. Ka fita bayan sallar asuba, ka sa tufafi marasa haske, ka nemi izinin mai gona in za ka ratsa, ka sami gindin bishiya a bakin dam ɗin Kubanni ko gaɓar kogin Galma ka zauna, rana na bayanka. Kada ka bi tsuntsu. Bayan ɗan lokaci za ka ga zalɓe ya manta da kai, ya dawo bakin ruwa yana takawa a hankali, wuya a lanƙwashe, ya tsaya cik kafin ya caki kifi. A taku 15, gilashin 300mm zai fito maka da ƙwayar idonsa da ɗigon ruwan da ke bakinsa.

Lambar f ɗin da ke jikin gilashi fa?

Ƙaramar lamba, kamar f/2.8 ko f/4, haske mai yawa take shigarwa, kuma ita ke sa gilashi ya yi tsada da nauyi. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, saboda haka f/5.6 ko f/6.3 ba abin kunya ba ne. Abin lura shi ne saurin ɗauka: shirwa a sama tana son 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Alamar IS, VR, OS ko VC tana rage rawar hannunka ne kawai, ba ta tsaida fiffike.

Furanni da ƙwari kuma?

Gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na 90mm zuwa 105mm mai alamar 1:1 shi ne na wannan aiki, don yana ba ka tazarar da ƙwaro ba zai firgita ba. Kafin ka same shi, 70-300mm ɗinka zai kama malam-buɗe-littafi da mazari daga ɗan nesa.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Da farko bakin da ake ɗaura shi. EF da RF duk na Canon ne, F da Z na Nikon, amma gilashin EF ko F ba ya shiga kyamarar RF ko Z sai da mahaɗi, na RF ko Z kuwa ba ya shiga kyamarar EF ko F ko da mahaɗi. Ka je da kyamararka, ka ɗaura, ka ji ko yana kama abu da sauri ba tare da gurnani ba. Sannan ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce. In ka ga farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ka ajiye masa kayansa, domin tana yaɗuwa, har ta ci rufin gilashin.

Bayan ka saya, kada ka riƙa canza gilashi a fili lokacin hunturu, kuma kada ka goge shi da bakin riga, don ƙurar tana karce shi. Ka fara hure ta da robar iska. Da damina kuwa kada ka bar shi cikin jaka a lungun ɗaki. Ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kana busar da su lokaci-lokaci.