Abinci mai ƙarancin harza

Abinci mai ƙarancin harza wani tsarin cin abinci ne da likitoci ke ɗora mutum a kai na ɗan lokaci don hanjinsa ya samu ya huta. Ita harza ai ita ce ɓangaren tsirrai da ciki ba ya iya narkarwa, irin su dusar hatsi da ɓawon 'ya'yan itace da jijiyoyin ganye, haka nan take wucewa ta ƙaramin hanji har ta faɗa babban hanji, a can bakteriya su hau aiki a kanta, iska ta taru, bayan gida ya ƙara yawa. Ga mai lafiya wannan alheri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babba ya riƙa samun aƙalla giram 25 a rana. To amma hanjin da ya kumbura ko ya tsuke, duk abin da ya zo wucewa fama masa ciwo yake yi, shi ya sa ake rage ta zuwa wajen giram 10 zuwa 15 a rana.

Waɗanda aka fi ɗorawa a kai su ne masu cutar Crohn, wata cuta mai sa hanji kumburi, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932, da masu gyambon babban hanji, su ma ba kullum ba, sai lokacin da ciwon ya motsa. Akwai kuma wanda 'yan aljihunan jikin babban hanjinsa suka kumbura, da wanda aka yi wa aikin hanji, da wanda ake wa gashin ciwon daji a wajen ciki ko mara. Haka wanda za a zura wa kyamara a duba babban hanjinsa, akan ce ya bi tsarin kwana 1 zuwa 3 kafin ranar.

Abin da ake ci shi ne farar shinkafa, farin burodi, taliya, ƙwai, kifi, kaza da nama mai laushi, tunda nama da ƙwai ba su da harza sam. Ayaba nunanniya ba laifi. Kayan lambu kuwa ba wai an haramta su ba ne, gyara suke so, dankali a fere shi tas, karas a dafa shi har ya zama cokali na dannawa ya farfashe, tuffa a cire ɓawo da ƙwallayen ciki a dafa, ruwan lemo a tace shi kar a bar ɗiɗɗigar nan. Abin da ake ajiyewa gefe su ne wake, gyaɗa, gugguru, hatsin da ba a cire wa dusa ba, ɗanyen ganye da busassun 'ya'yan itace. In abincin kwali ne ko na gwangwani a duba rubutun jikinsa, a ɗauki wanda harzarsa ba ta wuce giram 1 zuwa 2 ba a ci ɗaya. Madara ba ta da harza, amma wanda take ɓata wa ciki gara ya rage.

Inda mutane ke kuskure, kuma gaskiya abin na damuna, shi ne su ji sauƙi sai su zarce da tsarin wata da watanni ba tare da sun koma wajen likita ba. Tsarin nan fa ba ya warkar da cutar, zawo da murɗar ciki da kumburi kawai yake lafawa da su. In aka daɗe a kai bayan gida na iya taurarawa, shi ya sa ake nanata shan ruwa sosai, jiki na iya rasa bitamin C da folet, wanda wani nau'in bitamin B ne, su ma bakteriyar nan masu amfani da ke rayuwa da harza sai su shiga yunwa.

In ciwo ya lafa kuma likita ya ba da izini, harzar ba a dawo da ita lokaci guda, akan ƙara abu ɗaya ne kaɗan, a jira 'yan kwanaki a ga yadda ciki ya karɓe shi, sannan a ƙara wani.