Waiwaye: Kirista tsakanin biyayya ga hukuma da kare haƙƙin wanda aka zalunta

Duk lokacin da wani bishop ko fasto ya soki gwamnati a Najeriya, ba a rasa mai cewa ya koma coci ya bar wa 'yan siyasa siyasarsu. Sau da yawa masu faɗin haka Kiristoci ne, kuma suna da ayar da suke kafa hujja da ita. Shi ma mai sukar yana da tasa. Jayayyar ta kusa shekara 2,000, kuma a cikinta ake ganin yadda Kirista ke yanke shawara kan haƙƙin ɗan Adam da nauyin al'umma da ke wuyansa.

A Romawa sura 13, Manzo Bulus ya umarci kowa ya yi biyayya ga mahukunta, domin babu wani iko sai daga Allah. A Ayyukan Manzanni 5:29 kuwa, da majalisar Yahudawa ta hana Bitrus da 'yan'uwansa wa'azi, sai suka ce biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane. Ga kuma maganar Yesu cewa a ba Kaisar nasa, a ba Allah nasa, ba tare da ya lissafa abin da ke na Kaisar ɗin ba. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin shi ma ya san umarnin bin shugabanni, ya kuma san babu biyayya ga abin halitta wajen saɓa wa Mahalicci.

Idan ayoyi suka ja mutum gabas da yamma haka, Kirista yakan auna su da koyarwar magabata, da hankali, da lamirinsa bayan addu'a. 'Yan Katolika sun fi jingina ga koyarwar ikilisiya, su ECWA da COCIN da Baptis kuma sun fi cewa a nuna musu a rubuce. Amma tarihi ya nuna aya ita kaɗai ba ta taɓa raba gardama ba.

Kiristocin farko ba su da mulki, saboda haka lamarin ya zo musu a miƙe: suna biyan haraji, suna yi wa sarki addu'a, amma ba sa ƙona turare ga siffarsa, ko da za a jefa su ga namun daji. Bayan 313, da Sarki Konstantin ya halatta addinin, sai tambayar ta juya. Me za a yi idan azzalumin ɗan ikilisiya ne? A 390 sojojin Sarki Tiyodosiyus suka kashe dubban mutane a Tasalonika. Ambros, bishop ɗin Milan, ya rubuta masa cewa ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba sai ya tuba a gaban jama'a, kuma sarkin ya tuba. Agustin, mutumin Arewacin Afirka, ya ce dokar da babu adalci a cikinta ba doka ba ce, Tomas Akwinas ya faɗaɗa maganar a ƙarni na 13. Amma Martin Luther, wanda ya tsaya kan lamirinsa a gaban sarki a 1521, shi ne ya goyi bayan sarakuna su murƙushe manoman Jamus da suka yi bore a 1525.

Bauta ce ta fi tona asirin masu karatun aya. A 1511, a tsibirin da ake kira Hispaniyola, wani limamin Katolika mai suna Antonio de Montesinos ya hau bagadi a gaban Turawan Sifaniya da ke gallaza wa 'yan asalin ƙasar, ya tambaye su ko waɗannan ba mutane ba ne. Bartolome de las Casas ya ɗauki maganar har zauren muhawara a Baladolid a 1550, inda abokin jayayyarsa, shi ma masani Kirista, ya kawo hujjojin halatta yaƙarsu. Las Casas ɗin nan ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka a madadinsu, ya zo ya yi nadama daga baya. Wata ƙungiyar mishan ta cocin Ingila tana da gonakin rake a Barbados, ana yi wa bayinta tambari da wuta a ƙirji. A Amurka masu bayi suna karanta Afisawa 6:5, inda aka ce bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya, masu adawa da su suna karanta Farawa 1:27, cewa cikin kamanninsa Allah ya halicci mutum. Methodis suka rabu gida biyu a kan wannan a 1844, Baptis suka bi a 1845.

Littafi ɗaya ne a hannun ɓangarorin biyu. A ganina abin da ya raba su shi ne wanda kowannensu ya yarda ya saurara. William Wilberforce ya yi shekaru yana kai ƙuduri majalisar Ingila kafin a haramta cinikin bayi a 1807, amma ƙudurin bai yi nauyi ba sai da shaidar waɗanda suka ɗanɗana, irin su Olaudah Equiano, da zanen cikin jirgin ruwa da ya nuna yadda ake jera mutane a kwance, kafaɗa da kafaɗa, babu wurin juyawa. Dokar nan ce ta sa jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da wani yaro Bayarabe a 1822, wanda ya zama Bishop Samuel Ajayi Crowther a 1864.

Daga nan maganar ta koma kan ma'aikata. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar da ta kare haƙƙin mallakar dukiya, ta kuma ce dole a biya ma'aikaci ladan da zai riƙe iyalinsa, a bar shi ya shiga ƙungiyar ƙwadago. A 1963 Fafaroma John na 23 ya jera haƙƙoƙin ɗan Adam, ya ɗaura kowane haƙƙi da nauyin da ke tafiya da shi. Mai neman a kare ransa, wajibi ne ya kare na wani.

Ƙarni na 20 ya sake gwada Romawa 13 da wuta. Yawancin cocin Jamus sun bi Hitler ko sun yi gum, wasu fastoci suka fitar da sanarwar Barmen a 1934 ta ƙin miƙa coci ga mulkin Hitler, aka rataye Fasto Dietrich Bonhoeffer mai adawa da shi a Afrilun 1945. Daga kurkukun Birmingham ta Amurka a 1963, Fasto Martin Luther King, mai yaƙi da wariyar launin fata, ya amsa wa malaman addini 8 da suka ce ya yi haƙuri, ya kafa hujja da Agustin da Akwinas, ya kuma gindaya sharaɗi: mai karya muguwar doka ya karya ta a fili, ba da makami ba, ya yarda ya sha hukuncinta. A Afirka ta Kudu babbar cocin Turawan Afrikana ta daɗe tana kare wariyar launin fata da ayoyi, har taron cocin Reformed na duniya ya ayyana wannan koyarwa ɓata ce a 1982. A Yuganda aka kashe Akbishop Janani Luwum a Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan bayan bishop-bishop sun kai wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe.

A Arewacin Najeriya, 'yan mishan na SIM da suka fara zuwa a 1893, da SUM a 1904, da Brethren da suka sauka Garkida a 1923, sun ɗauki nauyin al'umma da gaske ta fuskar makarantu, asibitoci irin na Vom, da wuraren jinyar kutare. Sai dai da yawansu sun koya wa mabiya cewa siyasa ƙazanta ce, kuma wannan koyarwa ta daɗe kafin ta saki mutane. An kafa ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, a 1976. Zamanin Abacha bishop-bishop na Katolika suka riƙa fitar da sanarwa kan tsare mutane ba shari'a, kuma da Fafaroma John Paul na 2 ya zo a Maris 1998, an miƙa wa gwamnati sunayen fursunoni kusan 60 da ake roƙon a saki. A 1 ga Maris 2020 bishop-bishop ɗin suka yi tattaki a Abuja cikin baƙaƙen kaya saboda kashe-kashen da suka ƙi ƙarewa.

Tambaya mafi zafi a nan ita ce ta ramuwa. Bayan Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da Jos a 2001, an fara jin masu cewa an mari kunci na dama, an mari na hagu, babu na uku da za a juya. Fasto James Wuye ya bi wannan hanya yana matashi, ya rasa hannunsa a rikicin 1992, daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) kuwa, wadda ta gaji ƙin ɗaukar makami daga Brethren, ita ce ta fi shan wuya a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, kuma fastonta ne Rabaran Lawan Andimi da aka kashe a Janairun 2020. Duk da haka shugabanninta ba su janye koyarwar ba. Wasu ikilisiyoyin sun bambanta kare kai da ɗaukar fansa, sun halatta na farko, sun hana na biyu.

Abin da ke damuna shi ne muryar coci takan yi ƙarfi idan gawar ta gida ce, ta yi ƙasa idan ta Zamfara ce ko ta 'yan Shi'an da aka kashe a Zariya a Disambar 2015, alhali Montesinos ba don Kiristoci ya hau bagadi ba. Yawancin shawarwarin nan ma ba a Abuja ake yanke su ba. A ƙauyukan Kudancin Kaduna, Filato da Borno, dattawan ikilisiya ne ke zama bayan sujada su tattauna ko za a cire kuɗin 'yan sintiri daga baiko, ko za a buɗe ajujuwan makarantar coci ga 'yan gudun hijira ko da Musulmi ne, da abin da za a yi da matashin da aka san ya fita ramuwa cikin dare.